Hutu da Fita ga Iyalan da ke Kula da Naƙasassu: Bayani ga Jama'a da Jami'an Ƙananan Hukumomi

A duk ranar Sallah, idan gari ya ɗunguma zuwa filin Idi, yara sun ci ado, mahaya sun ɗaura wa dawaki sirdi, akwai gidajen da mutum biyu ke saura a ciki. Na farko shi ne wanda ba ya iya fita, ko dai yaron da aka haifa da shanyewar gaɓoɓi, ko dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, ko matashin da haɗarin mota ya taɓa masa laka. Na biyu kuwa ita ce mai zama da shi, wadda galibi uwa ce, ko matar aure, ko 'yar budurwar da ta fi sauran 'yan'uwanta haƙuri. Haka abin yake ranar biki, haka yake ranar suna, haka kuma yake ranar kasuwa. Akwai matan da suka shekara biyar ko fiye ba su je ganin gida ba, alhali garin iyayensu bai wuce tafiyar sa'a guda ba.

Wannan bayani mun shirya shi ne domin mazauna karkara, da masu unguwanni, dagatai da hakimai, da kuma jami'an jin daɗin jama'a na ƙananan hukumomi. Manufarmu ita ce mu nuna cewa hutu da fita buƙata ce ta gaske ga irin waɗannan iyalai, cewa doka ta san da ita, kuma ana iya biyan wani sashe nata da abin da ke hannunmu. Mun yi amfani da kalmar naƙasassu saboda ita jama'a suka fi sani, ko da yake a takardun hukuma yanzu an fi cewa masu buƙata ta musamman, kuma da yawa daga cikinsu sun fi son a kira su da hakan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2022 cewa kimanin mutum biliyan 1.3 ne ke rayuwa da naƙasa mai tsanani, wato mutum ɗaya cikin kowane shida a duniya. A ƙauyukanmu ba sai an kawo lissafi ba, domin kowa ya san gidajen. Rabon da a samu wanda ya kamu da ainihin ƙwayar shan inna ta daji a Nijeriya tun 2016 a Jihar Borno, kuma a watan Agustan 2020 aka tabbatar da nahiyar Afirka ta rabu da ita, amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, da yawansu sun zama magidanta. Ga kuma waɗanda sanƙarau ya kurumtar, da waɗanda doguwar naƙuda ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, da masu farfaɗiya, da tsofaffin da ido ya rufe.

Taimakon da aka saba bayarwa sananne ne: buhun hatsi, turmin atamfa, keken guragu, wani lokaci keken ɗinki. Duk wannan alheri ne, Allah Ya saka wa masu yi. Sai dai buhun hatsi ba ya ɗaga yaro ɗan shekara goma sha biyu daga tabarma zuwa makewayi sau huɗu a yini. Mai yin wannan aiki ita ce ke wanke shimfiɗa da asuba, ta ɗebo ruwa ninki biyu na abin da maƙwabciyarta ke ɗebowa, ta ba shi abinci a baki, ta tashi cikin dare ta juya shi. Ba ta da ranar Juma'a, ba ta da Lahadi. Idan ciwon baya ya kwantar da ita, abin da kan biyo baya shi ne a cire yarinya daga makaranta ta karɓi jinya. Wani lokaci kuma, idan gajiya ta kai maƙura, sai a kulle yaro a ɗaki a tafi gona, ko a ɗaure mai taɓin hankali da mari. Mun ga irin wannan a zagayen da muke yi, kuma a mafi yawan lokuta ba mugunta ce ta jawo shi ba, rashin mai karɓa ne.

Shi kansa mai naƙasar yana da tasa asarar. Yaron da bai taɓa ganin hawan Sallah ba, bai taɓa zuwa gidan kakanninsa ba, bai san kowa ba sai mutanen gidansu, zai girma yana tsoron jama'a, jama'a kuma suna yi masa kallon baƙo.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda aka zartar a watan Disambar 2006, Nijeriya ta sanya mata hannu a 2007 ta kuma tabbatar da ita a 2010, ta taɓo waɗannan abubuwa biyu kai tsaye. Sashe na 28 ya ambaci hutar da masu jinya a cikin taimakon da ya kamata hukuma ta samar wa iyalai matalauta masu kula da naƙasasshe. Sashe na 30 kuma ya yi magana kan damarsu ta shiga al'adu, wasanni, shaƙatawa da wuraren yawon buɗe ido daidai da kowa.

Yadda aka yi a Birtaniya

Domin a fahimci yadda ake tsara irin wannan taimako, yana da kyau mu dubi ƙasar da ta daɗe tana yi. A ƙarshen shekarun 1950 an riƙa bai wa mata masu juna biyu wani magani mai suna talidomaid domin rage laulayin ciki. Kafin a janye shi daga kasuwa a 1961, an haifi jarirai fiye da 10,000 a ƙasashe dabam-dabam da gajerun hannuwa ko ƙafafu, wasu ma babu su gaba ɗaya. Ƙorafin iyayen waɗannan yara ne ya sa gwamnatin Birtaniya ta ware fam miliyan 3 a 1973 ta kafa asusun da ake kira Family Fund. Ba ta riƙe kuɗin a ma'aikata ba, sai ta damƙa gudanar da shi ga wata gidauniyar agaji ta Joseph Rowntree da ke birnin York, kuma ba ta taƙaita shi ga yaran da maganin ya shafa ba, ta buɗe shi ga duk iyalin da ke rainon yaro mai naƙasa mai tsanani. A 1996 asusun ya zama ƙungiya mai zaman kanta.

Abin lura a tsarin wannan asusu shi ne ana tambayar iyalin abin da suka fi buƙata, ba a yanke musu. Daga cikin abubuwan da ya shahara da bayarwa akwai injin wanki, da kayan shimfiɗa, da kuɗin fita hutu na 'yan kwanaki ko na yini guda. Mai karatu a ƙauye zai iya murmushi idan ya ji an ambaci injin wanki a cikin agaji, amma duk wadda ta yi jinyar yaron da ba ya riƙe fitsari ta san dalili. A wurinmu, kwatankwacin wannan shi ne a biya mai ga-ruwa ya riƙa kai jarka huɗu gidan kullum, ko a ba su sabulu da ledar shimfiɗa. Hikimar ɗaya ce, a rage wa mai jinya aikin da ya fi cin ƙarfinta.

Akwai kuma wata ƙungiyar da labarinta ya ƙunshi gargaɗi. An kafa ta a 1963 da sunan Winged Fellowship Trust, daga baya ta koma Revitalise. Ita gidajen hutu ta gina, masu ma'aikatan jinya dare da rana da 'yan sa-kai, inda mai naƙasa zai je ya yi mako guda ana fita da shi yawo, mai kula da shi kuma ko dai ya bi shi ya huta a can, ko ya zauna a gida ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Ta yi shekara sittin tana wannan aiki. A ƙarshen 2024 ta rufe gidaje biyun da suka rage mata, saboda tsadar gudanarwa da raguwar kuɗin shiga. Idan haka ta faru a ƙasa mai arziki irin Birtaniya, to duk ƙaramar hukumar da ke tunanin gina katafaren gidan hutu mai cin albashi da man janareto, ta sake lissafi. A ganinmu, tsarin farko, wato ƙaramin tallafi kai tsaye ga iyali bisa abin da suka zaɓa, shi ya fi dacewa da aljihunmu.

Abin da ke hannunmu

Tunanin sama wa naƙasasshe mataimaki ba baƙo ba ne a tarihinmu. Malaman tarihi sun rawaito cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya sanya wa kowane makaho ɗan jagora, kowane gurgu kuma mai hidima, daga baitulmali. A ƙasar Hausa ma sarautun Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare sun nuna cewa masarautu sun daɗe da sanin waɗannan jama'a da ba su wakilci a fada.

Zakka ita ce hanya ta farko da za ta zo a zuciya. Bayan 1999 jihohi irin su Zamfara, Kano da Sakkwato sun kafa hukumomin zakka da wakafi, wasu masarautu kuma kamar ta Dutse suna da kwamitocinsu da ke tara hatsi da dabbobi daga gundumomi. Amma akwai abin da ya kamata a fayyace. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa rukuni takwas na masu karɓar zakka, kuma naƙasa ita kaɗai ba ta cikinsu. Talauci da bashi su ne ke shigar da mutum. Makaho mai dukiya shi ma mai fitar da zakka ne. Sai dai jinya mai tsawo takan talauta gida, domin tana hana mutum ɗaya neman na kansa tana kuma cin kuɗin magani, saboda haka da yawa daga cikin waɗannan gidaje sun cancanta ko da a waje ana ganinsu da rufin asiri. Kwamiti ya tuntuɓi malamansa kan yadda za a mallaka wa iyalin rabonsu, su kuma su biya mai karɓar jinya ko kuɗin mota da shi.

Wakafi ya fi zakka sassauci a wannan fanni, tun da mai bayarwa shi ke faɗin inda za a kashe amfaninsa, kuma asalin dukiyar na nan ba a sayarwa ba a gada. Gona guda, ko shago a bakin kasuwa, ko A Daidaita Sahu ɗaya da ke aikin haya kwana shida ta ware kwana ɗaya domin ɗaukar naƙasassu, duk suna iya zama wakafi. Mun saba tunanin wakafi a kan masallaci da rijiya da maƙabarta kawai. A garin da ke da masallatai uku a layi ɗaya, mai neman lada zai iya duba wannan ɓangare. 'Yan'uwanmu Kirista kuma suna da baiko da ƙungiyoyin zumuntar mata a coci, waɗanda dama sun saba ziyarar marasa lafiya, abin da ya rage shi ne a mayar da ziyarar ta zama karɓar aiki na wasu sa'o'i.

Ta ɓangaren gwamnati, an taɓa gwada tallafin kai tsaye a Arewa. A 2007 gwamnatin Jihar Jigawa a ƙarƙashin Alhaji Sule Lamido ta fara biyan naƙasassu naira 7,000 a kowane wata, da nufin raba su da bara.

Amma mafi arha a duk hanyoyin ita ce wadda ba ta buƙatar ko sisi. Mutanen da suka san aikin gayya a gona da rufin ɗaki, suka san adashi, ba za a koya musu karɓa-karɓa ba. Mata shida a unguwa, kowace ta ɗauki yini ɗaya a wata ta zauna da yaron daga hantsi zuwa la'asar, sun bai wa uwarsa kwana shida. Sharaɗin kawai shi ne uwar ta koya musu yadda ake ɗaga shi, yadda ake ba shi abinci a zaune don kada ya shaƙe, da lokacin maganinsa. Namiji baligi maza ne za su karɓi jinyarsa, kuma a nan ne ƙungiyoyin matasa da 'yan agaji ke da rawar takawa.

Abin da doka ta ɗora wa jami'ai

Ko an samu kuɗin mota da mai rakiya, fita ba za ta yiwu ba idan wurin da za a je ba ya shiguwa. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan dokar haramta nuna wa naƙasassu bambanci ta 2018, aka kuma kafa Hukumar Naƙasassu ta Ƙasa a 2020. Dokar ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyu ga mutumin da ya nuna bambanci, da tarar naira miliyan 1 ga kamfani. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga, kuma wannan wa'adi ya cika a Janairun 2024. Jami'in da ya amince da zanen ginin jama'a wanda bai cika wannan sharaɗi ba yana fuskantar tarar naira miliyan 1 ko ɗaurin shekara biyu. Muna so ma'aikatan sashen ayyuka su karanta wannan jimla sau biyu. Har ila yau dokar ta ce a fara sallamar naƙasasshe a kan layi, direba ya tsaya cak kafin ya hau ko ya sauka, ta kuma haramta yawo da naƙasasshe domin a yi bara da shi. Jihohi da dama suna da nasu dokokin, Filato tun 2005, Legas tun 2011.

Gyaran da ake magana ba mai tsada ba ne idan an yi shi daidai. Ma'aunin gangare da aka fi amfani da shi shi ne ɗaya bisa goma sha biyu: idan tsayin dakali ƙafa ɗaya ne, tsawon gangaren ya kai ƙafa goma sha biyu. Abin takaici, yawancin gangaren da muke gani a ƙofar asibitoci da sakatariyoyi an yi su ne kamar na tura babur, ƙafa uku ko huɗu, an kuma shafe su da siminti mai santsi. Irin wannan ya fi matakala haɗari, domin keke yakan kife da mai shi ta baya. Faɗin ƙofa ya kai santimita 90, wato kusan ƙafa uku. A sa katako ko siminti a kan kwatar da ke gaban ƙofa.

Makewayi shi ne babban abin da ke hana mutane fita, ko da yake kunya ba ta barin a faɗa. Mai keke da ya san babu inda zai zaga a filin taro zai ƙi shan ruwa tun daren jiya, ko ya fasa zuwa. Mace ta fi shiga wannan hali. Ɗaki ɗaya mai faɗi, da kujerar katako mai huda a kan masai, da ƙarfen dafawa a bango, ya wadatar a tasha ko kasuwa ko filin wasa.

Filin Idi da filin hawa ba su buƙatar gini. Kwamitin Sallah ya ware wuri mai inuwa kusa da hanyar shiga, nesa da inda dawaki ke sukuwa, ya bar motar da ta ɗauko naƙasasshe ta ƙaraso har bakin wurin, ya sa 'yan agaji biyu ko uku. Haka za a yi a ranar gasar karatun Alƙur'ani da bikin kamun kifi da wasan ƙwallo. Tun da an ambaci ƙwallo, ƙwallon guragu da ake bugawa da hannu a kan allo mai taya wasa ne da aka ƙirƙira a nan Nijeriya, kuma duk inda aka shirya shi 'yan kallo kan cika fili. Wannan fita ce da su ne masu wasan, sauran jama'a ne 'yan kallo.

Ga iyalan da za su yi tafiya, ga 'yan abubuwan kiyayewa. Mai farfaɗiya ya tafi da maganin da ya fi na kwanakin tafiyar, kada ya tsallake ko sau ɗaya, kada kuma a bar shi shi kaɗai a bakin dam ko kogi ko kusa da wuta; rashin barci na gidan biki yana iya tayar da ciwon. Wanda ba ya jin ƙasan jikinsa a sa masa matashi mai taushi, a riƙa tsayawa ana sauya masa zama, domin doguwar tafiya a kan kujera mai tauri tana iya haifar da gyambon da zai ɗauki watanni bai warke ba. Zabiya na buƙatar malafa da riga mai dogon hannu da inuwa. Yaron da ba ya magana a sa masa takarda a aljihu mai sunan garinsu da lambar wayar wani nasa. A yi magana da shugabannin tasha tun ana gobe domin a samu kujerar gaba, a kuma daidaita batun ɗaukar keke kafin a hau. Fitar farko kada ta yi nisa. Yini guda a gidan kaka ya isa gwaji.

Dukkan wannan ba zai tafi daidai ba sai an san gidajen. Waɗanda ke zaune a bakin titi da ƙofar masallaci kowa na ganinsu, su ne kuma ke samun sadaka. Waɗanda suka fi tsananin buƙata suna cikin ɗaka, ba sa zuwa taron rabon kaya, iyayensu ma wani lokaci ɓoye su suke yi don gudun surutu. Mai unguwa da ungozoma da ma'aikaciyar rigakafi da ke shiga gida-gida su ne suka san su. Rajistar da za a yi ta ƙunshi sunan mai naƙasa, da irin lalurarsa, da sunan mai kula da shi, da tambaya ɗaya da ba a saba yi ba: yaushe rabon mai jinyar da ta kwana a wani wuri? A adana wannan rajista da amana, ba ta liƙawa a bango ba ce. A sa wakilan naƙasassu a cikin kwamitin da zai zaɓi masu amfana, ko daga sarakunansu na gargajiya ko daga reshen haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta ƙasa, kuma a tabbatar akwai mace a ciki.

Muna roƙon masu shirya taro su rage ɗaukar hoto. Akwai iyalan da suka gwammace su haƙura da tallafi da a jera su a rana ana jiran babban baƙo, a ƙarshe a ga fuskar ɗansu a Facebook. A kuma tambayi shi mai naƙasar inda yake son zuwa. Wani gidan namun daji yake so, wani kasuwar garinsu kawai, wata tsohuwa kuma burinta ta je ta yi wa ƙanwarta gaisuwar rasuwar da aka yi shekara biyu da suka wuce.

Lokacin da ya fi dacewa a fara wannan shiri shi ne kaka, sa'ad da ake fitar da zakkar amfanin gona, hanyoyi sun bushe, aikin gona kuma ya yi sauƙi har mata da matasa za su iya ba da yini. Gundumar da ta kammala rajistarta a lokacin, ta tsara karɓa-karɓa a unguwa biyu ko uku, za ta iya zama da kwamitin Sallah da shugabannin tasha tun kafin azumi ya kama, a san yawan motocin da ake buƙata da gidajen da za a fara ɗauka da safe.